Kukan Fijon Baba

Gusau, da asuba

Ana idar da sallar asuba muka fito, cikin daminar 1998. An kwana ana yayyafi, ƙasa sai ƙamshi take, kwaɗi kuma ba su gama kukansu ba a kududdufin bayan gidanmu. Mu uku ne: ni Balki, da mahaifiyarmu Inna, da yayana Mande mai jan motar. Motar kuwa doguwar Fijo ce fara, wadda Baba ya yi shekaru yana jigilar fasinja da ita tsakanin Gusau da Funtuwa. Baba ya rasu kafin ruwan farko ya sauka, bayan doguwar jinya, kuma wannan ce fitar Inna ta farko tun da ta gama takaba.

Saƙo ne ya tashe mu. Kaka, mahaifiyar Baba, tana wani ƙauye bayan Bungudu, ta wajen Nahuce. Idonta ya daɗe da rufewa, kuma tun rasuwar ba ta cin abin kirki, sai an lallashe ta take kurɓar kunu. Ba ta ce a kai mata magani ba, ba ta nemi jikoki ba. Cewa ta yi a kawo mata motar nan ta ji kukanta.

Wanda bai san mu ba zai yi dariya. Baba ɗan fari ne, Kaka kuwa irin matan da ce masu tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta zama hira da shi, in ya durƙusa gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa a taƙaice. Amma matan gidan sun ce tun motar na can bakin rafi, kafin kowa ya ji komai, sai ta ɗaga kai ta ce a dama fura. Abin da ta yarda ta riƙe nasa ke nan, kukan motarsa. Mun kuma san in muka yi jinkiri, mai yiwuwa mu kai motar mu tarar babu mai saurare.

Sai dai dole mu fara bin hanyar Funtuwa zuwa Tsafe, mu ɗauko Gwaggo Kulu ƙanwar Baba, sannan mu juyo mu bi hanyar Sakkwato.

Mande ya murɗa makulli, mota ta yi ƙir-ƙir-ƙir ta yi shiru. Ya sake, ta yi tari ta yi shiru. Masu fitowa daga masallaci suka tattare riguna suka tura mu har bakin kwalta, sannan ta tashi tana kakkarwa. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe su, suna tari suna yi mana Allah ya kiyaye hanya.

"Yaya, filogin nan hwa sun gaji," na ce.

"Ke mi kis sani ga mota? Sanyi na."

"Jiya da rana tsaka ma sanyi na?"

Na san inda maganar take masa ciwo. Filogin nan huɗu masu ba injin wuta, Baba ne ya ɗaura su da hannunsa, su ne aikinsa na ƙarshe a jikin motar kafin ciwo ya kwantar da shi. Fiye da shekara ke nan Mande na zirga-zirgar Funtuwa da su kullum. In sun yi baƙi ya kwance, ya wanke da fetur, ya kankare da buroshin waya, ya mayar. Yanzu da saƙon Kaka ya zo sai ya ƙara kafewa: wai in aka canza su, motar za ta canza murya, Kaka ba za ta gane ta ba. Mande akwai taurin kai, Allah ya sani, amma a wannan ban iya zaginsa ba.

Kwatarkwashi, da hantsi bai ɗaga ba

Mun bar Gusau gari na fara haske. A shingen bakin gari wani ɗan sanda ya leƙo, ya gane motar, ya ga ba mai ita ba ne a kan sitiyari. Ya cire hula ya yi wa Inna gaisuwa, ya ɗaga mana katako ba tare da ya tambayi komai ba.

Daga nan hanya ta miƙe cikin kore. Gero ya fi mutum tsawo, dawa na biye da shi, raɓa na ɗiga daga ganye. Na jingina kai da gilashi. Kujerar baya har yanzu tana da warin da na sani tun ina ƙarama, goro da man inji da turaren da Baba ke shafawa ranar Juma'a. Barci ya riƙa ɗaukata yana sakina. In na lumshe ido sai in ga ƙeyar Baba a gaba, da hularsa da ta sha wanki, hannunsa na kan giya. In mota ta yi tari sai in farka in ga ƙeyar Mande.

Duwatsun Kwatarkwashi suka ɓullo, gajimare ya sauko ya rufe kawunansu, kai ka ce ba a ƙasa suke zaune ba. Can sama wani babban tsuntsu na shawagi bai ko kaɗa fiffike. Inna, wadda wata huɗu da kwana goma ba ta ga abin da ya wuce katangar gidanmu ba, ta riƙa kallo bakinta a ɗan buɗe.

"Ashe duniya na nan," ta ce a hankali.

Ba ta rufe baki ba mota ta fara fizga. Mande ya taka totur, ta ƙi ja. Muka gangara gefen hanya daidai rumfar wani mai shayi. Mande ya buɗe bonet, ya kwance filogin, ya roƙi arzikin garwashi, ya jera su a kai don wuta ta cinye baƙin. Mai shayin ko kallo bai ishe shi ba, ya ce direbobin hanyar nan duk haka suke masa tun da wahalar mai ta shigo. Muka sha shayi da burodi, na sayi gasasshiyar masara a hannun wata mata. Da filogin suka huce ya mayar. Motar ta tashi, amma a tsaye ma jijjiga take har madubi na rawa.

Tsafe

Rana ta yi zafi kafin mu shiga Tsafe, tafiyar da Baba ke yi kafin mai goro ya gama tauna ɓari guda. Gwaggo Kulu na tsaye ƙofar gida da ƙullin kayanta. Mace ce doguwa mai murya, ba ta iya magana a hankali ba ko a gidan makoki. Ta rungume Inna suka yi kuka, ta share ido, ta juyo kan Mande.

"Wagga mota ce ko injin niƙa? Tun daga bakin kasuwa nike jin ku!"

Ta ba mu hoce, gurasar dawa irin ta yankinmu, da ƙuli-ƙuli da fura mai sanyi. Mande ya tafi neman mai, don allurar ta yi ƙasa sosai, ita motar kuwa a 'yan watannin nan shan mai take kamar tulu mai huda. Layin gidan mai ya kai inda ido ba ya gani, kuma ba a sayarwa. Sai a wajen 'yan bumburutu ya samu galan biyu. Da ya buɗe, har ni na ji warin kananzir a ciki. Ba yadda za mu yi, aka ɗura.

Bayan azahar muka shiga mota. Ta ƙi tashi. Aka tura ta gaba, aka tura ta baya, har masu turawa suka gaji suka watse. Gwaggo ta aika aka kira wani makanike maƙwabcinta, dattijo mai furfura da ake ce wa Malam Sambo. Ya kwance filogin ya ɗaga ɗaya ya duba da hasken rana. Ni da Gwaggo muka tsaya a kansa.

"Samari, zo ka gani," ya ce wa Mande. "In baƙi na kawai, a wanke a maida, ba laihi. Amma dubi bakin nan, ya cinye ya koma mulmulalle. Dubi ratar da ke tsakani, wuta ba ta iya tsallake ta. Wanga ma farin jikinai ya tsage. Tana wuyar tashi da sahe?"

"Tana yi."

"Tana misin, tana tari, in ta ga tudu? Tana shan mai?"

Mande ya gyaɗa kai.

"To, sun gama aikinsu. A canza duka huɗun lokaci guda, kada a yi gauraye."

"Malam, a dai goge min su," in ji Mande. "Ba ni canzawa."

Malam Sambo ya dube shi, ya dubi Gwaggo. Ya goge, ya ɗan matse bakinsu da ƙaramar guduma, ya mayar. Kafin motar ta yarda ta tashi hadari ya haɗu, rana ta yi yamma, ba mai kama hanya da mota irin wannan. Dole muka kwana. Haushi ya cika ni har na kasa cin tuwo. Gwaggo kuwa ba ta ɓoye nata ba.

"Tsohuwa na can numfashi ɗai-ɗai, kai kana nan kana renon ƙarfe! Wallahi in munka iske ta ba rai, ba ni yahe maka."

Mande ya tashi ya fita. Inna kuwa carbinta kawai take ja.

Tsakanin Kwatarkwashi da Gusau, kwana na biyu

Mun bar Tsafe da sassafe, da turi kamar jiya. Ruwa ya sauka marar ƙarfi, irin mai wuni. Hanya ta yi sheƙi, shanu na tsaye cikin ciyawa ba su ko motsi, makiyayinsu ya kifa malafa. Muka wuce duwatsun jiya, yau ba a ganin komai nasu sai gindi. Mota na tafiya tana ɗingishi. A wani ɗan tudu da ko mai keke ba ya sauka, ta yi tari biyu ta mutu.

Mande ya fita cikin ruwa ya buɗe bonet. Ya ɗauko buroshinsa. A nan ne Inna ta sauke gilashi.

"Mande."

"Na'am, Inna."

"Zo nan."

Ya zo ya tsaya, ruwa na zuba a kafaɗarsa. Inna ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa yi ba.

"Shekara nawa ina wanke kayan babanku? Duk farkon damina sai in iske irin waɗanga cikin aljihunai, huɗu cur. Bayan an gama aikin gona in kuma iske wasu. In nuna mashi, shi ce in zubar, sun mutu. Bai taɓa barin su sun tsufa cikin motag ga ba. Ko rana guda bai je gaban uwatai da mota tana tari ba. Abin da kake son kai mata, ba shi ta sani ba."

Mande ya tsaya da buroshi a hannu. Ban san ko ruwa ne a fuskarsa ko hawaye ba.

"Inna, su kaɗai sunka rage da hannunai ya taɓa."

"Kai hwa? Ba hannunai ya ɗauke ka ba?"

Can Mande ya rufe bonet, ya tsayar da wata motar itace da ta nufi Gusau, ya ɗare baya.

Muka zauna mu uku cikin mota, ruwa na kaɗa rufin a hankali. Gilashi ya yi hazo da numfashinmu, gonakin waje suka narke suka zama kore guda. Gwaggo ta ba mu labarin ranar da Baba ya fara kai motar ƙauye, yara na bin ta da gudu, Kaka ta shige ɗaki ta ja asabari. Muka yi dariya, muka yi kuka, Inna ta yi gyangyaɗi da carbi a hannu. Ban san tsawon zamanmu ba. Na dai san ruwa ya ɗauke, kuma wata tsohuwa daga gonar gefen ta kawo mana dafaffiyar gyaɗa a ƙwarya.

Mande ya dawo a bayan babur na ɗan kabu-kabu, da filogi huɗu sabbi cikin kwalayensu. Ya kwance tsofaffin ya naɗe a ƙyalle ya sa a aljihun ƙirji. Ya ɗaura sabbin, kowanne ya fara murɗa shi da yatsu kafin ya sa sifana, ya mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya shiga, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi. Madubi ya tsaya cak, hayaƙin ya washe.

"Alhamdu lillahi!" in ji Gwaggo.

Mande kuwa ya karkata kai yana saurare, fuskarsa ba walwala.

"Balki, haka take kuka lokacin Baba?"

Na saurara iya saurarona. Wallahi ban sani ba. Kunnena ya saba da tarin nan har na manta abin da ke gabansa. Na ce masa ban iya tunawa, ya ce shi ma haka. Muka kama hanya da wannan nauyin a zuciya.

Bungudu, da ƙauyen su Kaka

Ba mu tsaya a Gusau ba sai don sallar azahar. Motar ta riƙa cin hanya ba fizga ba tari, tudu ko gangare duk ɗaya. Rana ta fito bayan ruwa, tururi na tashi daga kwalta. A Bungudu gulbi ya kawo jan ruwa har bakin gaɓa, mata na wanki can nesa. Muka bar kwalta muka bi jar hanya mai kwazazzabai, gero na shafar gilashi ta hagu da dama. La'asar ta yi sanyi lokacin da muka gangara rafin ƙauyen, ruwan ya kai rabin taya, muka haye.

Na riƙa neman alamar taron makoki a ƙofar gida, tabarmi ko butoci. Babu. Mutum ɗaya ce zaune a dakalin zaure, ƙanƙanuwa cikin baƙin zane, mata biyu na riƙe da kafaɗunta. Kaka ce. Tun da nake ban taɓa ganinta a ƙofar gida ba.

Ɗaya daga matan ta taho da sauri. "Tun kuna ƙetaren rahi ta ji ku! Ta ce mu hid da ita, mu ba mu ji komi ba."

Mande ya kai hannu ga makulli.

"Kada a kashe," in ji Kaka. Muryar siririya ce amma kowa ya ji.

Ya janye hannu. Motar ta ci gaba da kukanta a hankali, sumul. Kaka ta karkata kai, idanunta farare suna kallon sama. Inna da Gwaggo suka durƙusa gabanta suna gaisuwa, ta ɗaga musu hannu alamar su dakata. Mun daɗe a haka. Na ga Mande ya kifa goshi a kan sitiyari.

"Ita ce," Kaka ta ce. Ta ɗan nisa. "Ku sa ni ciki."

Matan suka dubi juna. Gwaggo ta ce, "Tsohuwa, cikin mota?"

"Ban taɓa shiga ba. Ya roƙe ni ya fi a ƙirga, kunya ta hana ni. Ku sa ni gaba, kusa da mai tuƙi."

Mande ya fito ya ɗauke ta da kansa, ba ta fi ɗaurin kara nauyi ba. Ya zaunar da ita, ni da Gwaggo muka shiga baya muna riƙe da kafaɗarta. Ta shafa kujera, ta shafa gaban motar, ta lalubo giya ta bar hannunta a kai. Mande ya ɗora nasa a kan nata ya sa giya. Muka fita bayan gari, inda hanya ta miƙe tsakanin gonaki, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Haka yake tahiya da ita?" ta tambaya.

"A'a, Kaka. Shi gudu yake."

"To, mi kake jira?"

Mande ya waiwayo ya dube mu. Gwaggo ta ce, "Taka mata!" Ya taka. Motar ta amsa, iska ta shigo ta ɗaga gefen kallabin Kaka, gero ya riƙa wucewa fuu. Allurar mai na can ƙasa, ba wanda ya dube ta. Kaka ta buɗe bakinta marar haƙori tana dariya, hawaye na bin kuncinta iska na share su.

"Ashe haka yake ji," take cewa. "Ashe haka yake ji."

Da muka dawo ta sha fura rabin ƙwarya, ta ce a ƙara nono.

Komawa gida

Gwaggo ta zauna wajen Kaka. Mu muka kwana biyu, sannan muka kamo hanya da hantsi, da ɗan man da wani mai injin ban ruwa ya taimaka mana da shi. Mun shiga Gusau kafin azahar, lafiya lau, ba turi ba tsayawa. Maƙwabta suka fito yi mana sannu da hanya, waɗanda suka tura mu ran fita suna tsokanar Mande ko ya sayi sabuwar mota ne.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu a kan lokaci ya dawo da mu. Ina gode wa mutanen masallacinmu, da mai shayin Kwatarkwashi, da Malam Sambo da ya faɗi gaskiya bai tilasta ba, da tsohuwar nan mai gyaɗa da ban ko tambayi sunanta ba. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Kaka ta rasu bayan an yanke gero. Matan gidan sun ce har ranar da ta koma ga Allah, duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta riƙe hannunsa ta hana shi tashi, sai ta gama ba shi labarin ranar da ta shiga motar ɗanta.